Kafin ka yarda a sa maka lantarki a ka

Ni tela ne a ƙauyenmu kusa da Bichi. Sai in yanka yadi in manta awon mai shi, har likita ya ce ADHD ce, wato larurar kasa tattara hankali wuri guda.

Idan ka ji labarin zaburar da ƙwaƙwalwa da lantarki, wato tDCS, don maganin wannan larura, fara zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Malam Aminu Kano a tabbatar da larurar. Gaya wa likita idan kana da farfaɗiya ko ƙarfe a ka. Soso biyu ake jiƙawa da ruwan gishiri a manna a ka, a saki 'yar wuta kaɗan, kamar minti 20.

Ga manya, har yanzu gwaji ake yi, kada ka ajiye maganinka. Don Allah, ɗan'uwa, kada ka haɗa na'urar da kanka da batirin sola.