Darasi na 7: Idan Jatan Lande Ya Yi Saɓa

Mu nan Katsina mun fi sanin jatan lande a bushe, ana auna mana shi a kasuwa don miya. Amma akwai masu kiwonsa da rai a akwatin gilas mai ruwan gishiri, don ƙawata ɗaki. Wanda aka fi kiwo shi ne mai jan baya da farin layi a tsakiya, asalinsa tekun Indiya da na Fasifik.

Jatan lande ba shi da ƙashi a ciki. Ɓawonsa ne ke riƙe da shi, ɓawon kuwa ba ya girma. Idan ya matse shi sai ya tuɓe, kamar yadda maciji ke saɓa. Kafin nan, sabon ɓawo mai laushi ya riga ya fito a ƙarƙashi. Sai ya sha ruwa ya kumbura, tsohon ya tsage a gadon baya, daidai mahaɗar kai da jiki, ya lanƙwashe ya yi wuf ya fice. Galibi da dare ake wannan. Ƙarami ya fi yi a kai a kai, babba sai bayan makonni.

Gari na wayewa za ku ga abu kwance, da ƙafafu da gashin baki, komai cif. Kada hankalinku ya tashi. Ku haska fitila: in haske ya ratsa shi, ciki ba nama, baya a tsage, saɓa ce. Mushe yana da tsoka, haske ba ya ratsa shi, shi kam a fitar da shi nan take. Saɓar kuwa ku bar ta kwana 1 ko 2, don jatan landen yakan ci abarsa ya mai da sinadarin kalsiyam, mai sa ɓawo tauri, jikinsa. Shi gogan yana can maƙale a ramin dutse har sabon ɓawo ya yi tauri. Kada ku ɗaga duwatsu nemansa. A wannan hali ko ƙaramin kifi na iya yi masa lahani. Yara ma a ja musu kunne, kada su dame shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne ruwa. Ana son gishiri kamar giram 35 a kowace lita, na kiwon kifin teku, ba na miya ba, zafi kuma digiri 24 zuwa 27. To a watan Afrilu zafin garin nan kan kai 40. Ruwa na ƙafewa, gishiri na nan, sai ya yi yawa, jatan lande ya maƙale a tsohon ɓawo ya mutu. Ku ja layi a jikin gilas, kullum ku cika zuwa layin da tataccen ruwa marar gishiri, kaɗan-kaɗan. Na famfo kai tsaye bai dace ba saboda kulorin, sinadarin da ake zuba masa don kashe ƙwayoyin cuta. Maganin kifi mai ɗauke da sinadarin jan ƙarfe kuwa guba ne ga jatan lande.

Aiki: Ku rubuta ranar da kuka ga saɓa a littafinku. In kun ga ta gaba, ku ƙirga kwanakin da ke tsakani.