Daga alli zuwa buhun hatsi: yadda za ka samu masu riƙe ka idan ka canza sana'a

Shekara 11 na yi ina koyar da lissafi a wata sakandare kafin na ajiye alli a 2021 na shiga harkar hatsi a kasuwar Dawanau, nan Kano kan hanyar Katsina. Jarina kason gadon wata gona ne da abin da na kwasa a adashin malamai, kuma a lokacin shi kaɗai nake wa fargaba. Ban yi wata uku ba na gane mutane na fi buƙata: wanda zai raɗa mini cewa wannan waken da sauran danshinsa aka ɗura shi, da wanda zai kira ni bayan asuba ya ce farashin riɗi ya motsa. Abin da zan faɗa daga kasuwar hatsi na koyo shi, amma mai shirin komawa gyaran waya ko kiwon kaji ma zai tsinci nasa.

Ka nemi uban gida tun kana kan tsohon aikinka. Ni kusan wata shida na yi ina zuwa kasuwa duk Asabar da lokacin hutu kafin na rubuta takardar ajiye aiki. Kuma kada ka kai kanka, a kai ka. Sai da ɗan gari ake cin gari, wanda ya kawo ka shi ne shaidarka. Kawuna ne ya raka ni wurin wani dattijo da suka daɗe suna hulɗa. Bayan gaisuwa na ce: "Alhaji, zama nake so in yi a wurinka in koya, ba jari na zo nema ba." Ya dube ni jim, ya ce: "To Malam, ga benci nan." Wannan magana ta jari ka faɗe ta tun ranar farko, domin duk babban ɗan kasuwa ya gaji da masu zuwa da sunan koyo alhali rance suke hari. Kada kuma ka yi saurin tambayar inda yake saro kaya. Idan ya yarda da kai, da kansa zai sa ka a mota.

Daga nan sai ka yarda ka koma yaro. Wanda ya koya mini soka ƙarfe a gindin buhu da tsakiyarsa in ciro samfur, maimakon in yarda da abin da ke sama, bai wuce sa'an ɗalibaina ba. Shi ya nuna mini a ciji masara, in ta fashe ƙas ta bushe, in ta lotsa a bar ta. Da na tsaya jiran a girmama ni don na taɓa riƙe aji, da har yau ban sani ba.

Inda na ga sababbin shiga sun fi yin kuskure shi ne bin manya kawai. Kowa yana son a gan shi a ofishin Alhaji, alhali labarin kasuwa yana bakin 'yan dako, da masu ɗinkin buhu, da direbobi, da dillalai. Ɗan dako ya san siton da ƙwari suka shiga tun kafin mai kayan ya yarda, domin a bayansa buhun ya hau. Direba ya san ƙauyen da kaya suka fito da yawa a wannan makon. Ka san sunan kowa, ka gaishe shi da shi, ka biya kuɗin dako kafin gumi ya bushe. La'adar dillali kuwa kada ka taɓa ja da ita bayan an gama ciniki, kada kuma ka zagaye shi ka koma wa mai kayan da ya nuna maka don ka tsira da 'yan kuɗi kaɗan. Maganar za ta riga ka isa kowace rumfa.

Na ga amfanin wannan a Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Na je kasuwar Maigatari ta Jigawa ranar Alhamis, kuɗina na banki, masu kaya sun ce su sai tsaba. Wani dillali da ban taɓa riƙe masa ko sisi ba ya ja ni gaban mai riɗin ya ce: "Baba, ba shi, in bai kawo ba Alhamis mai zuwa ni ka kama." Aka loda mini. A wannan rana akwai waɗanda suka fi ni jari nesa ba kusa ba da suka koma da mota babu komai.

Kada ka zo hannu rabbana. Tsohon aikinka ya bar maka wani abu da mutanen sabuwar sana'ar ke buƙata, nemo shi. Ni lissafi ne da rubutu. Na gyara wa uban gidana littafin bashi, na raba masa shafin kowane mutum daban. Ina rubuta masa saƙonnin Turanci zuwa kamfanonin da ke sayen riɗi da zoɓo don fitarwa waje. 'Ya'yan maƙwabtan rumfarmu biyu na zauna da su kafin jarrabawar JAMB. Sharaɗi ɗaya ne: abin da ka gani a littafin mutum ya mutu a cikinka. Ranar da aka ji adadin bashin wani daga bakinka, ka gama zama a wannan layin.

Tsofaffin abokan aiki ma kada ka watsar da su. Ka miƙa aiki yadda ya kamata, ka yi sallama da kowa, har da wanda kuka taɓa saɓawa. Malaman makarantarmu su ne kwastomomina na farko, suna ɗaukar buhun masara ko gero su biya ƙarshen wata. Amma ka rubuta, ka faɗi ranar biya a gaban mutum, don bashin da aka bari a kan kunya shi ke kashe zumunci. Taron suna da na ta'aziyya kuma ka je da ƙafarka, saƙon WhatsApp ba ya maye gurbinsu.

Ka samu sa'o'inka biyu ko uku, sababbin shiga irinka. Akwai tambayar da za ka ji nauyin yi wa uban gida sau uku, su kuwa ko sau goma. Mu uku ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, haɗa lodi muke yi a mota ɗaya, kowa da alamarsa a buhu.

Wanda za ka yi hattara da shi shi ne mai yawan yabonka da gaggauta ka. Wani ya taɓa cika ni da "Malam ai kai ka riga ka ƙware", ya sa na sayi wake ban kira kowa ba, kafin wata biyu ƙwari sun cinye kusan rabi. Tun daga nan duk cinikin da aka ce ba zai jira in buga waya ɗaya ba, bari nake yi.

Idan lokacin kama rumfarka ya yi, uban gidanka ya fara ji daga bakinka kafin kowa, ka nemi albarkarsa, ka kuma bar masa kwastomominsa. Ni da na gaya wa nawa, shi ya nemo mini sito a layin bayansu, ya turo mini mutum biyu daga cikin masu sayen gero a wurinsa. Har yanzu duk Asabar da yamma nakan leƙa in duba masa littafi.