An bar alkama amma ciki bai lafa ba?

'Yan uwa masu cutar siliyak (wadda jiki ba ya jure gulutin, wato furotin da ke cikin alkama da sha'ir), in kun bar alkama da sha'ir amma kumburin ciki da gudawa sun ƙi tafiya, ku fara duba gulutin ɓoyayye: wanda ke maƙalewa a cokali ko tukunyar da ake haɗawa da sauran mutanen gida.

In nan lafiya lau, madara ce abin zargi na farko. Cutar na lalata bangon ƙaramin hanji, inda sinadarin narkar da sukarin madara yake. Sau da yawa in hanji ya warke, madarar kan daina damu.

Ku riƙa rubuta abin da kuka ci da lokacin da ciki ya murɗa. Abu ɗaya za a cire, na mako 2, sannan a dawo da shi kaɗan-kaɗan. In kun cire biyar lokaci guda, ba za ku gane mai laifin ba. Kuma a sanar da likita kafin a fara.