Yadda za ka sami mai fassara falsafar Japan zuwa Turanci

Ɗalibai daga Jami'ar Ghana da ke Legon kan same ni a unguwar Nima a Accra da wannan tambaya, amsata kuwa ɗaya ce: kada ka fara da kamfanin fassara. Su takardun kwangila da littafin gyaran mota suka saba da su, falsafa kuwa aikin malamai ne.

Fara da littattafan da aka riga aka fassara. Idan masanin falsafa Nishida Kitaro kake nazari, ko Tanabe da Nishitani na mazhabar falsafa ta Kyoto, duba sunan mai fassarar a bangon littafi, ka nemo jami'ar da yake koyarwa, ka rubuta masa cikin ladabi. Ko ba shi da lokaci, zai iya haɗa ka da ɗalibinsa na digirin uku. Cibiyar nazarin addini da al'adu ta Nanzan da ke birnin Nagoya a Japan ta daɗe a wannan fanni. Ƙungiyar masu fassara ta Japan, wato JAT, ma tana da jerin mambobinta a intanet.

Kafin ku yi ciniki, ba shi shafi ɗaya mai wuya ya gwada, ka biya shi. Ka kuma tambaye shi ko yana karanta tsohon rubutu, domin an sauya ƙa'idar rubutun Japananci a 1946, Nishida kuwa ya rasu a 1945. Nan ne da yawa suke kasawa.

Galibi da yawan haruffan Japananci ake lissafin kuɗi. Ku tsayar tun farko ko da dala ne ko da yen, tunda darajar sidi, kuɗin Ghana, ba ta zama wuri ɗaya.