Kurakuran da aka fi yi wajen ƙara wa sandar PTO ta tarakta gudu iri-iri

Duk mai son ya taɓa sandar PTO ta taraktarsa, wato sandar da ke juyawa a bayan tarakta tana kai ƙarfin inji ga na'urar da aka ɗaura mata, ya fara riƙe wannan: na'urar da ke baya ita ke yanke gudun da za a ba ta. Injin yankan ciyawa, injin sussuka, famfo, janareta, kowanne an ƙera shi a kan gudu ɗaya, ko dai zagaye 540 a minti ko 1,000. Tun da kamfanin International Harvester ya fitar da tarakta mai PTO a 1918 aka yi ta fama da rashin daidaito, har injiniyoyin noma na Amurka suka tsayar da ma'aunin da ya zama 540, daga baya a 1958 aka ƙara na 1,000 saboda manyan taraktoci. Mafi yawan ɓarnar da ake yi a gyaran nan daga manta wannan tsarin take tasowa.

Kuskure mafi muni shi ne ɗaukar adafta a matsayin mai canza gudu. Sandar 540 haƙora 6 gare ta, kaurinta kusan milimita 35. Ta 1,000 haƙora 21 ne a wannan kaurin, ko 20 a kan milimita 45. An bambanta su da gangan don kada ɗaya ta shiga ɗaya. Sai mutum ya sayo ɗan ƙarfen da ke mayar da 21 zuwa 6, ya cusa, ya ji ta zauna daram, ya ɗauka shi ke nan. Bakin ne kawai ya canza, gudun na nan a 1,000. Na'urar 540 za ta riƙa juyawa kusan ninki biyu, kuma ƙarfin da ke fizgar wuƙaƙenta waje yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa, wato ya haura ninki uku. Da haka wuƙa ke ballewa ta yi tsalle, boris ya ƙone, giyabos ya fashe. Maganinsa giya ce ta gaskiya: ko akwatin rage gudu, ko, a taraktocin da aka yi musu hanya, sandar da ake zarewa a juya ko a musanya, wadda ita da kanta ke kama wata giyar a ciki. Wasu taraktocin John Deere haka suke.

Daga nan sai masu cewa, ai a bar ta a 1,000 a rage totur. A lissafi abin yana fita: injin da ke ba da 1,000 a zagaye 2,200 zai ba da 540 a wajen 1,190. A gona kuwa injin a wannan gudun ba shi da ƙarfin kirki, gwamnansa, wato abin da ke daidaita gudun inji, ba ya riƙe shi sosai, da zarar kaya sun yi nauyi sai ya fara numfashi sama-sama. Abin da ya fi damuna ma shi ne hannu. Rana ɗaya wani zai hau, ya tura totur kamar yadda ya saba, na'urar ta wuce iyakarta nan take. Wanda yake son tsimin mai ya nemi tsarin da ake kira 540E, mai giyarsa ta daban da ke ba da 540 a matsakaicin gudun inji, kuma ko shi don aiki marar nauyi ne, kamar feshi ko watsa taki.

Akwai kuma batun ƙarfin murɗa, wanda ba a cika tunawa da shi ba. In an rage gudu, murɗa ce ke ƙaruwa. Ƙarfin doki 50 a zagaye 1,000 yana ba da murɗa kusan 356 a ma'aunin murɗa na Nm (newton-mita), a 540 kuwa kusan 660. To ka duba tarakta mai doki 150 da aka sa wa akwatin rage gudu, aka ɗaura mata ƙaramar na'ura mai siririyar farfela, wato ƙarfen da ke haɗa sandar PTO da na'urar. Wuƙa na cin karo da dutse, inji ba zai ko ji ba, farfelar ce za ta murɗe kamar igiya. Dole a samu abin da zai saki kafin nan: kuloci mai zamewa, ko ƙusar da aka yi don ta karye. Kuma in ta karye a mayar da irinta. Sa mata ƙusa mai tauri ko kama wurin da walda daidai yake da cire kariyar gaba ɗaya. Kulocin da ya daɗe a ajiye kan manne da tsatsa, sai a sassauta notinansa, a bar shi ya zame kaɗan, sannan a ɗaure bisa ma'auni.

Masu haɗa akwati da kansu su lura da alkibla. In ka tsaya bayan tarakta kana kallon sandar, tana juyawa ne irin na hannun agogo. Giya biyu da suka haɗa haƙora suna juya alkibla, don haka sai an sa ta uku a tsakani, ko a yi amfani da sarƙa.

Shi kansa akwatin yana ƙara tsawo a bayan tarakta, kuma nan ne ake asarar da ta fi tsada. Farfela bututu biyu ce, ɗaya cikin ɗaya. In ta yi tsawo, da an ɗaga na'ura ko an sha kwana sai ta ƙure, ta tura sandar cikin tarakta ta fasa gidanta. In ta gajarta, sai ta zare tana cikin juyawa. A auna ta a wurin da ta fi matsewa da wurin da ta fi miƙewa, a yanke ɓangarorin biyu daidai wa daida, a goge bakin da aka yanka, a shafa giris, a tabbata ko a miƙe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na bututun yana cikin ɗan'uwansa. Nauyin akwatin kuma kada ya rataya a kan sandar ita kaɗai, a yi masa ƙarfen da zai riƙe shi a jikin tarakta.

Tsofaffin taraktoci irin su Ford 8N da Ferguson TE20, PTO ɗinsu a haɗe yake da giyar tafiya. In na'ura mai nauyin juyi ce a baya, ko ka taka kuloci za ta ci gaba da tura taraktar gaba. Waɗannan sai an sa musu kuloci mai kamawa ta hanya ɗaya.

Sai murfin kariya, wanda ake cirewa wai don akwatin ya samu wuri. Sanda a 540 tana zagaye 9 a daƙiƙa ɗaya, a 1,000 fiye da 16, ba wanda ke iya janye hannun riga cikin wannan lokacin. A ƙera sabon murfin da ya rufe akwatin da mahaɗarsa. Kafin aiki na farko a ɗora ma'aunin zagaye a kan sandar kanta, domin alamar da ke jikin agogon tarakta ta tsohuwar giya ce, sannan a rubuta sabon gudun injin a inda duk wanda ya hau zai gani.