Kurakuran da aka fi yi wajen neman hukuma ta sare bishiyar ƙofar gida

Darbejiyar ƙofar gida abar so ce a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Amma ranar da saiwarta ta tsaga katanga, ko ta toshe kwata, ko reshenta ya fara gogar wayar lantarki, sai mai gida ya soma tunanin rabuwa da ita. A nan ne mutane da yawa ke ɓata lamarin da hannunsu.

Na farko, mutum ya ɗauka bishiyar tasa ce don a ƙofar gidansa take, ko don mahaifinsa ne ya dasa ta. Ka duba takardar filinka, yawanci iyakarka a katanga ta tsaya. Abin da ke waje gefen hanya ne, kuma dokar filaye ta 1978 ta danƙa amanar ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Wanda ya kira mai injin yankan itace aka kayar da ita da sassafe, kada ya yi mamaki in malaman gandun daji suka zo da maganar tara, ga kuma maƙwabtan da aka raba da inuwarsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kashe bishiya a ɓoye. Sai a ɓare mata ɓawo a zagaye, ko a tuttula mata baƙin mai a gindi, ko a hura mata wuta da dare, wai don in ta bushe hukuma ta zo dole. Ai ba faɗuwa take yi nan take ba. A tsaye take bushewa, gara ta cinye cikinta, ta zauna tana jiran iskar farkon damina. Ran da za ta zo ƙasa ba ta sallama. Yara na wasa a ƙarƙashinta, mai shayi ya kafa tebur, ɗan adaidaita ya raɓe yana jiran fasinja. In ta danne wani, alhakin yana wuyan wanda ya ɓare ɓawon, ko da babu wanda ya gan shi.

Sai kuskuren ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Wani sai ya tare kansila a wurin ɗaurin aure ya gaya masa, a ce masa "in sha Allahu za a duba", shi ke nan ya koma gida yana jira. Maganar fatar baki ba ta shiga fayil. Ka fara da mai unguwa, ya zo ya gani da idonsa. Daga nan ka rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun sashen da ke kula da noma da gandun daji. In a bakin babban titin gwamnatin jiha take, Ma'aikatar Muhalli za ka nufa. Ka yi kofi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Da shi za ka riƙa bibiya bayan kowane mako biyu, shi ne kuma shaidarka in wani abu ya faru kafin su zo.

In wayar wuta ce ta ratsa cikin rassan, kada kowa ya hau. Kamfanin lantarki za a sanar, wato KEDCO ga mutanen Kano da Katsina da Jigawa, su ɗauke wutar layin tukuna.

Hujja ma ana yin sakaci da ita. "Ganye na cika mini tsakar gida" ba zai tayar da jami'i daga kujerarsa ba, haka ma ƙorafin cewa samari na taruwa a gindinta, don wannan maganar dattawan unguwa ce. Haɗari za ka nuna: hoton tsagar katanga, kogon da ke jikin bishiyar, yadda ta karkata zuwa rufin gida ko hanyar 'yan makaranta. Ka nemi maƙwabta uku ko huɗu su sa hannu, musamman wanda ke shan inuwarta.

Kada kuma ka kafe a kan sai an sare ta daga tushe. Sau da yawa rage rassa ya wadatar, kuma jami'i ya fi saurin amincewa da shi. Ni a ganina, madaci ko tsamiyar da ta girmi kowa a layin ta cancanci a gwada mata wannan tukuna. In sarewar ta zama dole, ka rubuta cewa za ka dasa wata nesa da gini.

Ka kai takardarka tun da rani, kafin damina ta tara musu koke-koke. In izini ya fito, a tsayar da wanda zai biya mai inji da wanda zai kwashe itacen tun ba a fara ba. A kuma tone kututturen, don darbejiya in an bar shi, damina ɗaya ta ishe ta sake tofo.