Darasi na Bakwai: Yadda Idon Jariri Yake Koyon Fuskar Mutane

Jariri yana zuwa duniya ne yana gani dishi-dishi. Abin da ya fi gani da kyau shi ne wanda ke kusa da shi, kamar nisan santimita 20 zuwa 30. Kusan nisan da ke tsakanin nonon uwa da fuskarta ke nan. Ku lura da jariri yana shan nono, za ku ga idonsa ƙur a kan fuskar mahaifiyarsa. Tun kafin ranar suna ya fara bambanta ta da sauran mata.

Wata rana a Kantin Kwari a Kano, na ga wata mata da goyonta ɗan wata tara tana cinikin atamfa. Wani ɗan Sin ya leƙo yana yi wa yaron wasa. Yaron ya kalle shi sau ɗaya, sai ya tsanyare da kuka, ya cusa fuska a bayan uwar. Uwar ta ce, "Yi haƙuri, ƙiwa gare shi." Wata dattijuwa a gefe ta ce, "Yo ba dole ba? Su ai duk kamarsu ɗaya, ni ma ba na gane su."

Maganar dattijuwar nan tana da asali, kuma tun daga goyo take farawa.

A shekarar 2007, wani masani mai suna David Kelly da abokan aikinsa sun gwada jariran Turawa a Ingila. Ga dabarar da ake yi, tunda jariri ba ya magana. Ana nuna masa hoton fuska ɗaya har sai ya gaji da kallonta. Daga nan sai a haɗa masa ita da wata sabuwa. In ya fi tsayar da ido a kan sabuwar, to ya gane cewa mutum biyu ne daban. An nuna wa jariran fuskokin Turawa, da na 'yan Afirka, da na 'yan Sin, da na mutanen Gabas ta Tsakiya. 'Yan wata uku sun bambanta mutum da mutum a duk rukuni huɗun. 'Yan wata shida sun iya a fuskokin Turawa da na 'yan Sin kawai. 'Yan wata tara kuwa, sai a fuskokin Turawa 'yan'uwansu kaɗai.

Ke nan ɗan wata uku ya fi ɗan wata tara iya bambanta fuskokin mutane iri-iri. Me ya sa? Ido yana koyon fuska kamar yadda kunne yake koyon harshe. Abin da yaro yake gani kullum shi ƙwaƙwalwarsa take ƙwarewa a kai, wanda ba ya gani kuma sai ta bar shi. Shi ya sa Bahaushe zai ce Turawa duk kamarsu ɗaya, Baturen da bai saba da mu ba shi ma haka yake ganinmu. Alhazanmu sun san wannan: a Makka mutum yakan rasa bambanta 'yan Indonesiya biyu da suka zauna kusa da shi.

Sabo ne ke kawo wannan, ba a cikin jini yake ba. A shekarar 2006 an gwada jarirai 'yan wata uku. Na ƙasar Habasha sun fi son kallon baƙar fata, jariran farar fata na Isra'ila sun fi son kallon farar fata. Amma jariran Habashawa da suka yi ƙaura zuwa Isra'ila, waɗanda ke ganin iri biyun kullum, ba su fifita kowa ba. Akwai kuma yaran Koriya da Turawa suka ɗauka riƙo suna tsakanin shekara 3 da 9. Da suka girma aka gwada su a Faransa, sai aka ga sun fi gane fuskar Bature a kan ta mutanen Asiya.

Ita kuwa ƙiwa takan fara ne bayan wata shida, ta yi ƙarfi wajen wata takwas zuwa shekara. Alama ce yaro ya san nasa. Abin da yake damuna shi ne abin da mu manya muke ɗorawa a kanta. Yaro ya ga zabiya ko Buzu mai rawani ya tsorata, sai a ce masa, "Yi shiru ko ya kama ka." Yaro a wannan lokaci fuskar uwarsa yake dubawa ya ga ko akwai abin tsoro. In ta razana shi da mutum, ta koya masa gudun irin wannan mutumin. Shi kuma wanda aka mai da dodo, musamman zabiya da ke zaune cikinmu, yana ji, kuma abin yana yi masa ciwo.

In goyonki ya yi ƙiwa, kada ki miƙa shi dole. Ki riƙe shi a jikinki, ki gaisa da baƙon da sakin fuska, ki faɗa wa yaron sunansa: "Ga Baba Audu, gaishe shi." Kai ma maigida, in za ka sayo abu a shagon maƙwabcinka Ibo ko Bayarabe, ka saɓa yaron ku je tare. Ko hoto ma yana taimako. An gwada nuna wa jarirai littafin hotunan 'yan Sin, ana kiran sunan kowane, daga wata shida zuwa tara, kuma ba su rasa iya bambanta su ba.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunayen mutum biyar da ƙaramin yaron gidansu yake yarda su ɗauke shi. A gaban kowane suna, a rubuta sau nawa yaron yake ganinsa a mako. Ku zo da takardar a darasi na gaba, mu karanta tare.